Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Kiwon Kyanwa A Gida

Assalamu alaikum, 'yan'uwana masu kyanwa a gida.

Na daɗe ina son rubuto muku wannan wasiƙa, nauyin labarin da zan fara da shi ne ya riƙa hana ni. Ina da wani muzuru da na raina tun yana ɗan wata uku, ya shekara shida a hannuna. Wata ranar Laraba da yamma na ga yana ta zarya zuwa akwatin yashinsa. Ya shiga ya tsuguna, ya daɗe, ya fito ya lashi ƙasan cikinsa, jim kaɗan ya sake komawa. Na ce a raina bayan gida ne ya yi masa tauri, zuwa gobe zai warware. Washegari bai taɓa abinci ba, ya shige ƙarƙashin gado ya lafe. Na ce hutawa yake yi, ai kyanwa ba ta gajiya da barci. Ranar Juma'a da sassafe na jawo shi, jikinsa ya yi sanyi, ya yi amai, ko kansa ba ya iya ɗagawa. Likitar dabbobin da na kai wa ta shafa cikinsa sau ɗaya ta ce mafitsararsa ta cika ta yi tauri kamar dutse, hanyar fitsarin ta toshe, dattin da ya kamata ya fita ya koma cikin jini. Ta yi iya ƙoƙarinta, amma kafin rana ta yi tsaka ya mutu. Da na matsa mata da tambaya ta gaya mini gaskiya: da ranar Laraba na kawo shi, wani siririn bututu da ake zurawa a buɗe hanyar zai iya cetonsa.

Na yarda kwanansa ne ya ƙare. Amma na san kuma cewa kwana biyu cur yana nuna mini ciwonsa ta iyakar hanyar da ya sani, ni ne ban iya karatun ba. Wannan karatun nake roƙonku mu koya tare.

Mun taso muna jin cewa kyanwa rai tara gare ta, kuma wannan magana ta shiga jikinmu fiye da yadda muke zato. Ita ce take sa mu ce a bar ta, za ta warke da kanta. Asalin abin shi ne kyanwa gwana ce wajen ɓoye ciwo. Ita mafarauciya ce, amma ƙaramar dabba ce da manya ke farauta, kuma a daji ita kaɗai take yawo, ba ta da garken da zai tare mata faɗa. Dabbar da take a wannan hali, duk ranar da ta nuna rauni ta kira wa kanta mutuwa. Shi ya sa idan ciwo ya kama ta sai ta yi shiru, ta nemi lungu, ta rage motsi. Kare zai yi kuka ya ɗingisa ya zo gabanka. Kyanwa kuwa, kafin ciwonta ya fito fili har baƙo ya gane, galibi ya riga ya yi nisa.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a kan kyanwa ilimi ya gaskata su. A shekarar 2019 masu bincike a Jami'ar Montreal da ke Kanada sun fitar da wani ma'auni na gane zafin ciwo daga fuskar kyanwa, ta hanyar duba abubuwa biyar: kunnuwa, idanu, kewayen baki, gashin baki, da yadda take riƙe kanta. Kyanwa mai lafiya kunnuwanta a miƙe suke suna fuskantar gaba, idanunta a buɗe, bakinta a sake, gashin bakinta ya ɗan lanƙwaso ƙasa, kanta yana sama da kafaɗa. Wadda ke jin zafi sai kunnuwan su baje gefe, idanun su ƙanƙance, bakin ya ɗaure, gashin bakin ya miƙe tsaye ya turo gaba, kan ya sunkuya ƙasa da kafaɗa. Ba a buƙatar na'ura don ganin wannan. Abin da ake buƙata shi ne ka san fuskarta ta ranar lafiya, yadda ranar da ta sauya idonka zai gaya maka. Kada kuma wannan ƙarar kurrr da take yi a maƙogwaro ta yaudare ku. Tana yin ta idan ta ji daɗi, gaskiya ne, amma tana yin ta lokacin naƙuda, da lokacin tsoro, har da lokacin da rai ke shirin fita. Muzuruna yana yin ta a cinyata a hanyar asibiti.

Zafin jikinta na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39.2 a ma'aunin Salshiyos, sama da namu, saboda haka ɗumin da kuke ji idan kun taɓa ta ba lallai zazzaɓi ba ne. Numfashi ya fi faɗin gaskiya. Idan tana barci, bai kamata ya wuce sau 30 a minti ɗaya ba. Idan kuwa kuka ga ta buɗe baki tana haki kamar kare alhali ba wasa ta gama ba, to ku ajiye duk abin da kuke yi ku tafi asibiti.

Sai maganar akwatin yashi, wadda mutane ke ƙyamar yi, alhali babu inda lafiyar kyanwa ke bayyana kullum kamar nan. Wanda ke kwashe yashin da hannunsa kowace rana ya san yawan fitsarinta da kamannin kashinta ba tare da ya yi niyyar sani ba. Ranar da ya ga babu dunƙulen fitsari ko ɗaya, ko ya ga 'yan ɗigo-ɗigo masu jini, zai tsargu. Ga masu muzuru musamman ina jaddada wannan: hanyar fitsarinsa ta fi ta mace tsawo da ƙunci, shi ya sa ɗan tsakuwa ko majina ke toshe ta. Muzurun da ke yunƙuri ba ya fitar da komai, sa'o'i ne a hannunku, ba a jira gari ya waye. Akasin haka ma alama ce. Idan fitsarin ya yi yawa fiye da da, kuma kwanon ruwa yana ƙarewa da wuri, ana zargin ciwon ƙoda, ko ciwon sukari, ko wata matsalar ƙullin maƙogwaro da ke sa tsohuwar kyanwa ta ci da yawa amma tana ramewa. Duka ukun ana iya sarrafa su shekaru idan an gano da wuri.

Wata rana kyanwar da ta saba da akwatinta za ta yi fitsari a kan katifa ko a bakin ƙofa. Na sha jin ana cewa mugunta ce, ko ramuwa take yi don an yi mata faɗa. Kyanwa ba ta san ramuwa irin wannan ba. Ruwa ba ya tsami banza: ko dai fitsarin yana yi mata zafi har ta tsani wurin da take jin zafin, ko akwatin ya yi ƙazanta, ko an ajiye shi a inda ake yawan wucewa, ko wata kyanwar tana tare mata hanya. Bugun ta ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai ya ƙara mata tsoro a kan ciwo. Ƙa'idar da masana ke bayarwa mai sauƙi ce, akwati ɗaya ga kowace kyanwa, a ƙara ɗaya a kai, a wurare daban-daban masu shiru, nesa da abinci, kuma ya yi girman da za ta iya juyawa a ciki.

Yawancin waɗannan matsaloli na fitsari da ƙoda suna da alaƙa da ruwa, kuma dalilin yana cikin asalinta. Kyanwar gida ta samo tsatso ne daga kyanwar dajin Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, dabbar ƙasa mai ƙarancin ruwa. Zamanta da mutane ya daɗe ƙwarai, domin a tsibirin Saifurus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500 da aka binne mutum da kyanwa kusa da juna. Duk da wannan daɗewa jikinta bai manta da hamada ba. Kakanninta daga naman da suka kamo suke samun ruwa, tunda jikin ɓera kusan kashi 70 cikin ɗari ruwa ne, don haka ƙishirwa ba ta saurin kiran kyanwa zuwa kwano. To mu kuma sai mu zuba mata busasshen abincin nan na leda, wanda ruwan cikinsa bai wuce kashi 10 ba, mu ajiye ɗan ruwa a gefe mu ce in ta ji ƙishi ta sha. Ba za ta sha abin da ya ishe ta ba. Kyanwa mai nauyin kilo 4 tana buƙatar wajen mililita 200 a rana idan an haɗa na sha da na cikin abinci. Ku riƙa haɗa mata da abinci mai laima, ku sa kwanonin ruwa masu faɗi a wurare biyu ko uku, nesa da abincinta da akwatinta, ku sauya ruwan kullum. Wannan ƙaramin aiki ne, kuma da na san shi tun farko wataƙila da wasiƙar nan ta fara da wani labarin daban.

Game da abinci, abu guda nake so ya zauna a ranku: kyanwa maciyar nama ce zalla, ba kamar mutum ko kare da ke iya rayuwa da gauraye ba. Ko zaƙi ba ta ji a harshenta, domin halittarta ba ta tanadi wannan ba. Akwai wani sinadari mai suna torin da ake samu a nama, wanda jikinta ba ya iya ƙera isasshe. A shekarar 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano cewa ƙarancinsa ne ke sa zuciyar kyanwoyi da yawa ta kumbura ta gaza, kuma bayan an ƙara shi a abincin da ake sarrafa musu, wannan ciwon ya ragu matuƙa. Rashinsa yana makantarwa ma. Saboda haka kyanwar da ake ciyarwa da ragowar hatsin da muka ci, ko da abincin kare, cikinta a cike yake amma jikinta yana jin yunwa a ɓoye. Ragowar girkinmu tana da wani haɗarin kuma: albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko garinsu, suna fasa ƙwayoyin jinin kyanwa a hankali har ta rasa jini. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya soki hanji. Madarar shanu, wadda kowa ke ɗauka ita ce abincin kyanwa, yawancinsu bayan yaye ba sa iya narkar da sukarin da ke cikinta, sai gudawa.

Ƙiba ma ba alamar gata ba ce. Ku shafa gefen ƙirjinta: ya kamata ku ji haƙarƙarinta a ƙarƙashin ɗan kitse kaɗan ba tare da kun danna ba. Amma kada wanda ya ga tasa ta yi ƙiba ya hana ta abinci kwatsam. Kyanwa mai ƙiba idan ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitse yana kwarara zuwa hantarta ya cushe ta, kuma wannan yana kisa. Don haka ne ma ƙin cin abinci na yini guda cur a wurin kyanwa dalili ne na kiran likita.

Yanzu na zo kan abin da ya fi ci mini rai, domin a nan tausayi ne da kansa yake kisa. Mutum ya ga kyanwarsa ba ta da lafiya, zuciyarsa ta karye, ya buɗe akwatin maganinsa ya ɓallo farasitamol, ya raba biyu ko huɗu yana ganin ya yi taka-tsantsan, ya ɗura mata. Don Allah, kada ku yi. Hantar mutum tana da hanyar da take warware wannan magani ta fitar da shi, hantar kyanwa kuwa ba ta da isasshen abin yin wannan aikin. Maganin sai ya juye ya zama guba, ya lalata jinin har ya kasa ɗaukar iska, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, ta mutu tana neman numfashi. Ƙwaya ɗaya ta manya ta isa ta kashe ta, kuma babu wani ɗan guntun da za a ce ba ya cutarwa. Sauran magungunan rage zafi na mutane, irin su ibufurofen, suna lalata mata ƙoda da ciki. Haka maganin ƙuma da kaska da aka yi don kare: da yawansu suna ɗauke da sinadarin da za ku ga an rubuta permethrin a jikin kwalin, wanda ke sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya, wani lokaci ko da ba ita aka shafa wa ba, ta dai kwanta a jikin karen da aka shafa wa.

Ku tuna kyanwa da harshe take wanka. Duk abin da ya taɓa gashinta ko tafin ƙafarta, cikinta zai ƙare. Maganin wanke ƙasa irin wanda ke komawa fari kamar madara idan an zuba shi a ruwa yana cikin masu cutar da ita, haka feshin kashe ƙwari idan ba a fitar da ita daga ɗakin ba, haka maganin ɓera, wanda za ta iya samu ta hanyar cin ɓeran da ya ci shi. Furen lili da ake sawa a kwalba don ado, ganyensa da garin furensa da ruwan da aka tsoma shi duk suna iya tsayar da ƙodarta cikin kwana biyu ko uku. Zare da allura da igiyar roba ma abin ɓoyewa ne. Harshenta yana da 'yan ƙayoyi masu kallon ciki, saboda haka zaren da ta fara taunawa ba ta iya tofar da shi, sai ta haɗiye, ya je ya tattare hanji yana yanka shi. Idan kun ga zare ya leƙo daga bakinta ko ta baya, kada ku ja. Idan kuma kuna zargin ta ci guba, kada ku ɗura mata gishiri ko mai don ta yi amai. Ku ɗauki kwalin abin ku tafi da shi wurin likita.

Rigakafi ya fi magani, kuma a nan ba zan tsawaita ba. Ana fara yi wa ɗan kyanwa allura yana da sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati uku ko huɗu har ya kai sati 16, don kare shi daga mura mai tsanani iri biyu da kuma wata cutar hanji mai kashe ƙanana cikin kwanaki. Ƙwayar wannan cutar tana iya shekara guda a ƙasa ba ta mutu ba, kuma a takalminku ma za ta iya shigowa, saboda haka zaman kyanwa a cikin ɗaki bai ɗauke mata buƙatar allurar ba. Allurar ciwon haukan kare daga sati 12 ake yi, kuma wannan kariya ce gare ta da ku da 'ya'yanku, domin cutar idan alamunta suka bayyana kusan babu mai tashi. Maganin tsutsar ciki da na ƙuma kuma a bar wa likita ya zaɓa daidai da nauyinta.

Akwai maganar da na san za ta yi wa wasunku nauyi, wato yi wa muzuru fiɗiya da yi wa mace aikin hana haihuwa. Ni ma da ina ganin zalunci ne. Abin da ya sauya mini ra'ayi lissafi ne da abin da idona ya gani. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, cikin yana kwana 63 zuwa 65, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane karo 'ya'ya kimanin huɗu. Wa zai riƙe su duka? Ƙarshensu a zuba su a kwali a kai su nesa a ajiye, idanunsu ko gama buɗewa ba su yi ba. Idan ana neman zalunci, ga shi nan. Aikin kuwa ana yin sa ne da allurar barci, cikin 'yan kwanaki ta warke, kuma idan an yi shi da wuri yana rage mata haɗarin sankarar nono sosai, ya kawar da ciwon ruɓewar mahaifa. Muzurun da aka yi wa fiɗiya yana rage yawon dare da faɗa, kuma ta cizon faɗa ne wata cuta mai karya garkuwar jikin kyanwa ta fi yaɗuwa. Idan kuwa taku ta riga ta haihu, ku bar 'ya'yan da uwarsu aƙalla sati takwas, in da hali sha biyu. A wurinta da wurin 'yan'uwansu suke koyon iyakar cizo da yakushi, kuma wanda aka raba da wuri sau da yawa shi ne ke tasowa da tsoro ko faɗa.

Mata masu juna biyu kuma, na ga gidaje da dama da aka kori kyanwa ranar da aka samu ciki, saboda tsoron ƙwayar cutar toksofilasma, wadda ke iya cutar da ɗan da ke ciki. Tsoron yana da tushe, amma korar ba ta zama dole ba. Ƙwayar da ke fita a kashin kyanwa sai ta yi kwana ɗaya zuwa biyar kafin ta iya kama mutum, saboda haka kwashe yashin kullum yana yanke hanyar. Wani ya karɓi wannan aikin har a haihu, mai cikin kuma ta kula da wanke hannu bayan taɓa ƙasa da dafa nama ya nuna sosai, domin ta nan ma ake kamuwa.

Lafiyar jiki rabin amanar ce. Kyanwar da aka cika wa ciki aka yi wa allura amma aka bar ta a ɗaki babu abin yi, tana cikin ƙunci, kuma ƙunci a wurinta yana komawa ciwon mafitsara, ko ta yi ta lasar jikinta har gashi ya zube. Tana barci sa'a 12 zuwa 16 a rana, amma sauran sa'o'in an halicce ta ne don farauta: ta laɓe, ta yi sanɗa, ta yi tsalle, ta kama, ta ci, ta yi wanka, ta kwanta. Ku ba ta wannan da wasa. Sanda mai gashin tsuntsu a baki ta isa. Ku ja shi a ƙasa yana gudu daga gare ta kamar abin da ke tsoro, ya ɓuya a bayan kujera, ya leƙo, kuma ku bar ta ta kama a ƙarshe, sannan ku ba ta abinci. Minti goma da safe, minti goma da magariba, lokutan da jininta ke tashi. Masu kukan cewa tasu tana hana su barci da tsakar dare su gwada wannan na sati biyu. Kada dai ku yi wasan da yatsunku, domin abin da ya ba ku dariya a ɗan wata biyu zai fitar muku da jini a ɗan shekara biyu.

Tana son wuri mai tsayi da za ta hau ta ga kowa, da lungun da idan ta shiga babu mai jawo ta. Kwali ma ya wadatar. Tana buƙatar abin kartawa, domin karta ita ce miƙarta, da ita take cire tsohon ɓawon farce, da ita kuma take barin ƙamshinta a wurin da ta ɗauka gida. Ku kafa mata katako mai ƙarfi da aka naɗe da igiya kusa da kujerar da take ɓatawa, mai tsayin da za ta miƙe a jikinsa. Cire farce gaba ɗaya da wasu ke yi don ceton kujera yanke gaɓar ƙarshe ce ta kowane yatsa, da ƙashinta. Ƙasashe da dama sun haramta shi, jihar New York ta Amurka ma ta haramta a 2019, kuma ina ganin sun yi daidai.

Ku koya wa yara, ku ma ku koya, cewa kyanwa ita ke zaɓar lokacin da za a taɓa ta. Miƙa mata yatsa ta shinshina, idan ta goga kumatunta a jiki ta ba da izini. Idan bakin jelarta ya fara kaɗawa da ƙarfi, ko fatar bayanta tana motsi, ko kunnuwa sun juya baya, ta ce ya isa. Kwanciyar da take yi ta buɗe ciki alama ce ta amincewa da ku, amma yawancinsu ba sa son a taɓa cikin. Mafi yawan yakushin da ake cewa ya zo babu dalili, an yi gargaɗi sau uku kafinsa ba a lura ba. Akwai kuma wata gaisuwa da nake so kowa ya gwada: ka dube ta da sassauci, ka lumshe ido a hankali, ka ɗan kau da kai. Wani bincike na Jami'ar Sussex a Ingila da aka wallafa a 2020 ya nuna kyanwoyi sun fi mayar da irin wannan lumshewar, kuma sun fi kusantar baƙon da ya yi musu ita.

Idan ta manyanta, ta haura shekara goma, za ku ga ta daina hawa inda ta saba, tana tsayawa ta yi shawara kafin tsalle, gashin bayanta ya cukurkuɗe don ba ta iya lanƙwasawa ta gyara shi. Muna cewa tsufa ne mu wuce. Sau da yawa ciwon gaɓoɓi ne, kuma akwai maganinsa na kyanwa a wurin likita. Ku sa mata matakala zuwa wurin da take so, ku sauya mata akwati mai gajeren baki, ku kai ta a duba ta sau biyu a shekara ko da ba ta nuna komai ba. Ku leƙa bakinta ma. Wari, dalalar miyau, ko tauna da gefe ɗaya suna nufin haƙori ko dasashi na ciwo, kuma kyanwa za ta ci gaba da cin abinci da haƙorin da zai hana mutum barci.

Yanzu ina da wata kyanwar, mace, shekararta uku. Akwatin ɗaukarta a buɗe yake a kusurwar ɗaki da tsumma a ciki, tana shiga ta yi barci, don kada ranar asibiti ta zama ranar kokawa. Lambar likita tana cikin wayata, da ta wani na biyu wanda ke amsa kira da dare, kuma ina roƙonku ku nemi taku yau tun ba ku buƙace ta ba, domin waccan ranar Juma'ar na ɓata kusan sa'a guda ina neman wanda zan kira. A daren nan kuma, idan taku ta yi barci, ku zauna kusa da ita da agogo, ku ƙirga sau nawa ƙirjinta ya ɗaga a minti ɗaya, ku rubuta adadin da kwanan wata a inda ba zai ɓata ba. Tawa 22 take yi.

Wassalam.

Ɗan'uwanku a kiwon kyanwa.